Ba Musulmi ne suka ƙarar da zinariyar Farankawa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili, ko da wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, in yi gyara a kan wata magana da ta fito a shafinku na tarihi. Marubucin, Allah ya saka masa da alheri, yana bayanin yaɗuwar Musulunci a ƙarni na 7 da na 8, sai ya ce da rundunonin Musulmi suka kame gaɓar Bahar Rum, sun toshe wa Turawa hanya har sarakunan Faransa suka rasa zinariyar da za su buga kuɗi, talauci ya tilasta musu komawa azurfa. Da alfahari ya faɗe ta, kuma na san masu karatu da yawa sun ji daɗinta. Ni tsohon malamin tarihi ne, na daɗe ina koya wa ɗalibai wannan babi, saboda haka na san inda maganar ta samo asali. Ta wani masani ce ɗan Beljiyam mai suna Henri Pirenne, a littafinsa da aka buga a 1937, shekara biyu bayan mutuwarsa, wanda a kansa ya haɗa sunan Manzon Allah (SAW) da na Sharlaman, sarkin Farankawa. Shi a ganinsa zuwan Musulunci ne ya datse Turai daga tsohuwar duniyar Rumawa, kuma ɓacewar kuɗin zinariya na cikin manyan hujjojinsa. Marubucinku ya ɗauki abin da wani ya kafa a matsayin dalilin koma bayan Turai ya rataya mana a wuya kamar lambar yabo. To, su kuɗin da ake magana a kansu suna nan, dubbai ne a gidajen tarihi, an auna su, an gwada su, an karanta rubutun da ke jikinsu, kuma ba su goyi bayan wannan labari ba.

Farankawa wata al'umma ce daga cikin ƙabilun Jamus da suka gāji ƙasar da Rumawa ke kira Gaul, wato Faransa ta yau da Beljiyam da wani yanki na Jamus da Holan. Gidan sarautarsu na farko shi ne na Merobinjiyawa, wanda ya riƙe mulki har 751. Da suka zo sun tarar da kuɗin Rumawa, ba su ƙirƙiro nasu ba. Babban kuɗin shi ne solidus, wanda sarki Kustantin ya fito da shi a farkon ƙarni na 4: ana yanka guda 72 daga awon Rumawa ɗaya na zinariya, kowanne ya kama giram 4.5. Akwai kuma sulusinsa, tremissis, mai nauyin giram 1.5. Wannan ɗan ƙaramin shi ne ya zama kuɗin Farankawa na ainihi. Na taɓa tsayawa a gabansu a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, sai da na sunkuya sosai kafin in ga rubutun, don ko faɗin farcen babban yatsana ba su kai ba.

Sarkinsu na farko da muke da shaidarsa a hannu shi ne Childeric, wanda ya mutu wajen 481. A 1653 masu haƙa a garin Tournai suka faɗa kan kabarinsa. A ciki akwai zobensa mai ɗauke da sunansa, da makamai, da ƙananan siffofin ƙudan zuma na zinariya waɗanda daga baya Napoleon ya ara ya yi tambarin sarautarsa da su, da kuma tsabar zinariya sama da 100. Ko ɗaya babu mai sunan Childeric. Duk na sarakunan Rumawa ne, na baya-bayan cikinsu na sarki Zeno na Kustantiniya. (Kada wani ya yi shirin zuwa kallo: ɓarayi sun fasa ɗakin ajiyar a Paris a 1831, suka narkar da mafi yawan kayan. Abin da ya cece mu shi ne zanen da wani likita, Chifflet, ya buga a littafi tun 1655.) Ɗansa Clovis, wanda ya haɗe kan ƙasar ya kuma karɓi Kiristanci, shi ma bai sa sunansa a kan zinariya ba. A 508, bayan ya ci Gotawan yamma (wata ƙabilar Jamus) da yaƙi, sarki Anastasius na Kustantiniya ya aiko masa da takardar girmamawa, ya hau doki a garin Tours yana watsa wa jama'a zinariya da azurfa da hannunsa. Amma kuɗin da maƙeransa ke bugawa fuskar Anastasius ce a kai da sunan Anastasius, wani lokaci haruffan a karkace, don mai sassaƙa hatimin yana kwaikwayon abin da bai iya karantawa ba. Dalilin a fili yake. Mai karɓar kuɗi sunan da ya sani yake nema, kuma a lokacin babu sunan da ya kai na sarkin Kustantiniya karɓuwa.

Jikan Clovis ne, Theudebert, ya karya wannan al'ada. Mutum ne mai ji da kansa. A 539 ya tsallaka duwatsu ya shiga Italiya lokacin da Rumawa da Gotawan gabas ke gwabzawa, kowane ɓangare yana zaton taimakonsa ya zo yi, shi kuwa ya afka wa dukansu biyu, sai da cuta ta faɗa wa rundunarsa sannan ya janye. Ya rubuta wa Justinian, sarkin Rum, wasiƙa yana lissafa masa ƙasashen da ke hannunsa tun daga kogin Danube har bakin teku. Sannan ya buga solidus da tremissis da sunansa, ya ƙara da laƙabin mai nasara, da irin kalmomin girmamawar da aka keɓe wa sarkin Rum. Marubucin tarihin Rumawa na zamanin, Procopius, abin ya ɓata masa rai ƙwarai. Ya rubuta cewa ko sarkin Farisa, da duk ƙasaitarsa, azurfa yake bugawa, ba ya sa hotonsa a kan zinariya, amma ga Farankawa suna zama kallon sukuwa a Arles suna buga zinariya da fuskarsu. Sai dai ƙasaita da kuɗinta. Da Theudebert ya mutu a 548, mutanen garin Trier suka bi babban jami'insa mai karɓar haraji, Parthenius, suka zaƙulo shi daga cikin akwatin da limamai suka ɓoye shi a coci, suka ɗaure shi a ginshiƙi suka jefe shi har lahira. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, don za mu dawo kan haraji.

Tambayar da marubucinku bai yi ba ita ce, tun farko daga ina zinariyar ke shigowa? Procopius ya ce daga ma'adinan Gaul, amma lissafin da marubutan Farankawa da kansu suka bari yana nuna wata hanya dabam. Bishop Gregory na Tours, wanda ya mutu a 594 kuma shi ne idonmu a wannan zamani, ya ba da labarin yadda sarki Chilperic ya kira shi ya nuna masa manyan lambobin zinariya, kowace awo guda cur, da sarki Tiberius ya aiko masa daga Kustantiniya, da wani faranti na awo 50 da ya sa aka ƙera don ɗaukaka sunan Farankawa. Shi dai Gregory ya ce sarki Maurice na Rum ya aika wa sarkin Farankawa Childebert na biyu solidus 50,000 don ya kori Lombardawa, wata ƙabilar Jamus, daga Italiya. Idan aka lissafa da cikakken nauyi, kilo 225 ke nan na zinariya. Childebert ya shiga Italiya a 584, Lombardawa suka ba shi kyautai suka yi mubaya'a, ya juyo gida. Maurice ya aiko a mayar masa da kuɗinsa, ko amsa bai samu ba. An ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma Childebert ya ci bai yi ba. Su Lombardawan kuma sun kasance suna biyan Farankawa solidus 12,000 kowace shekara. Wajen 631 wani basaraken Gotawan Andalus, Sisenand, ya biya sarkin Farankawa Dagobert solidus 200,000 ladan taimakon da ya yi masa ya hau karaga. Ka ga ke nan, Malam Edita, manyan ƙofofin zinariyar nan guda uku ne: toshiyar sarkin Rum, da ganima da gaisuwar dole daga maƙwabta, da kuma tsohon harajin ƙasa da suka gāda, wanda ke juya zinariyar da Rumawa suka bari. Fatake suna da nasu rabon, amma ba su ne kan gaba ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, wanda duk lokacin da na kai kansa a aji sai ƙararrawa ta same ni ban gama ba. Daga wajen 570 zuwa 580, har kusan 670, sunan sarkin Rum ya ɓace daga mafi yawan kuɗin Farankawa, kuma sunan sarkin Farankawa bai maye gurbinsa ba sai jefi-jefi. Abin da ake rubutawa shi ne, a fuska ɗaya sunan garin da aka buga kuɗin, a ɗaya fuskar kuma sunan mutumin da ya tsaya a kan bugun. Misali, za ka ga an rubuta an yi a Dorestad, ka juya ka ga Madelinus mai buga kuɗi. Masana sun tattara sunayen wurare kimanin 800, da sunayen masu bugu fiye da 1,000. A cikin wuraren akwai manyan birane irin su Paris da Orléans da Chalon da Metz, akwai kuma ƙauyukan da babu wata takarda a duniya da ta ambace su a wancan zamani in ba wannan ɗan ƙarfen ba. Akwai garuruwan Faransa a yau da farkon bayyanar sunansu a rubuce a jikin tremissis ne. Masu nazarin harshe ma sun sami abinci a nan, don rubutun yana nuna yadda Latin ke lanƙwashewa a bakin mutane a kan hanyarsa ta zama Faransanci, sunayen masu bugun kuma sun nuna yadda sunayen Jamusawa da na Rumawa suka cakuɗe a ƙasa ɗaya.

Marubutan da suka gabata sun ɗauki wannan a matsayin alamar rushewar hukuma: sarki ya yi rauni, kowa ya kafa maƙerarsa. Ni ban gamsu da wannan ba. In da kowa gaban kansa yake yi, da ba a sami nauyin kuɗin ya zo kusan ɗaya daga kudu har arewa ba, kuma da ingancin zinariyar bai riƙa sauka tare a ko'ina cikin lokaci guda ba. Wasu kuɗin ma sun faɗi asusun da suka fito: wannan na baitulmalin sarki, wannan na coci kaza, wannan na fada. Sannan akwai wani labari a tarihin rayuwar wani mai buga kuɗi, Eligius, da ya buɗe mana taga. An tara harajin wani yanki da zinariya, sai jami'in sarki da mai buga kuɗi suka zauna su narkar da ita a wuta su tace ta, don al'ada ita ce ba a kai wa fada sai tsantsa. A nan na fi karkata: yawancin waɗannan ƙananan wuraren bugu wuraren karɓar haraji da tara da kuɗin fito ne, mai bugun kuma shi ne wanda za a kama in aka sami algus. Sunansa a jikin kuɗin lamuni ne.

Shi wannan Eligius, wanda Faransawa ke kira Eloi, ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi wajen 588 a kusa da Limoges, aka kai shi koyon sana'a wurin wani maƙerin zinariya mai suna Abbo, wanda ke riƙe da gidan buga kuɗin garin. Daga nan ya tafi fada. Abokinsa Audoin, bishop na Rouen, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce sarki Clothar na biyu ya ba shi zinariya da duwatsu masu daraja ya ƙera masa karaga ɗaya. Da ya gama sai ya kawo biyu, daga abin da aka auna masa na guda. Sarki ya yi mamaki, don maƙeran da ya saba da su kullum cewa suke wuta ta ci, zarto ya ci. Daga ranar ya zama amintacce. Sunansa yana jikin kuɗin da aka buga a Paris da Marseille da fada kanta, a zamanin Clothar da Dagobert da Clovis na biyu. Ya riƙa sayen bayi da dukiyarsa yana 'yanta su, a 641 aka naɗa shi bishop na Noyon, ya mutu a 660, har yau kuma maƙeran Turai Kiristoci shi suke ɗauka waliyyinsu. Amma ga abin dariya mai ɗaci: da masana na zamani suka gwada kuɗin da ke ɗauke da sunan wannan amintacce, sai suka ga na farkon aikinsa zinariyarsu ta yi ƙarfi, na ƙarshen kuwa azurfa ta rinjaye su. Ba na zargin sa da ha'inci. Awon da fada ta yanke shi yake bi, fada kuwa hannunta ya fara gajarta.

Kada kuma a ɗauka waɗannan kuɗi na cefane ne. Dokar Farankawa ta Salic ta yanke diyyar ɗan Faranka mai 'yanci solidus 200, ta Barume mai ƙasa 100, ta wanda ke cikin dogaran sarki 600. Wata dokar tasu ta yankin kogin Rhine ta yi wa kaya ƙima saboda mai biyan diyya da ba shi da tsaba: sa mai lafiya solidus 2, kwalkwali 6, takobi da kubensa 7, sulke 12. Wato tremissis shida sun sayi sa. Manomi zai iya ƙare rayuwarsa bai riƙe ɗaya ba sai ranar biyan haraji ko tara. Kuɗin sarakuna ne da bishop-bishop da manyan fatake, na sayen ƙasa da bayi, da fansar kamammu, da kyauta, da sadaki. Mata sukan huda su ko a sa musu maɗauri su rataya a wuya, wasu kuma a sa wa mamaci a baki a rufe shi da su.

Sun kuma yi tafiya. A 1939 aka tono wani tudu a Sutton Hoo da ke gabashin Ingila, aka sami sawun jirgin ruwa mai tsawon mita 27 da aka binne wani babban basarake a ciki, wanda da yawa ke kyautata zaton sarki Raedwald ne. A alabensa akwai tremissis 37, duk na Farankawa, kuma babu biyu da suka fito daga gari ɗaya, sai wasu 3 da ba a buga musu hatimi ba, da 'yan sandunan zinariya 2. Da waɗannan kuɗi ne aka kimanta cewa an yi binnewar wajen 625. Masanin kuɗi Philip Grierson ya yi hasashen cewa 37 da 3 sun cika 40, ladan matuƙa 40 da za su ja jirgin zuwa lahira, sandunan biyu kuma na shugabanninsu. Hasashe ne mai daɗin ji, ni dai abin da na riƙe shi ne jaka ɗaya ta tara kuɗin garuruwa 37, alamar cewa suna cakuɗuwa a hannun mutane suna yawo. A 2021 kuma aka ba da sanarwar wata taskar a yammacin Norfolk, tsabar zinariya 131, mafi yawansu na Farankawa.

To, mu zo kan jayayyar. Mu jera shekaru kawai. Tun wajen 580 gidajen bugu na kudu, Marseille (wadda samarinmu suka sani ta hanyar ƙwallo) da Arles da maƙwabtansu, suka rage nauyin kuɗin, tremissis ya sauko daga giram 1.5 zuwa kusan 1.3, har suna rubuta sabon awon a jikinsa. A 595 Fafaroma Gregory ya rubuta wa wakilinsa da ke kula da gonakin coci a Gaul cewa kada ya aiko masa da kuɗin can, don ba sa kashuwa a Italiya, ya saya wa matalauta tufafi da su, ko ya sayo samarin bayi 'yan Ingila masu shekara 17 ko 18 a tarbiyyantar da su a gidajen ibada. Wannan wasiƙa ta riga saukar wahayi da shekara 15. A 602 aka kashe sarki Maurice, yaƙi ya ɓarke tsakanin Rum da Farisa har 628, yaƙin da farkon Suratur Rum ke ishara gare shi. Farisawa suka ci Ƙudus a 614, suka ci Masar, har ta kai sarki Hiraƙla ya narkar da kayan coci don biyan soja. Wanda ke cikin wannan hali ba ya aika wa Farankawa toshiya. Wajen 617 kuma Clothar na biyu ya sayar da gaisuwar Lombardawa: suka ba manyan fadawansa uku solidus 1,000 kowanne, suka ba sarki 36,000 a dunƙule, aka yafe musu 12,000 ta shekara-shekara har abada. Ya ci na shekara uku a zama ɗaya, ya rufe ƙofa da hannunsa.

Ƙofa ta uku, haraji, ita ma tun tuni take rufewa. Mun ga ƙarshen Parthenius. A 579 mutanen Limoges suka yi bore suka ƙone littattafan haraji, jami'in da ya kawo su bishop ne ya cece shi. Shekara guda bayan haka, da annoba ta kama 'ya'yan sarauniya Fredegund, ta ɗauka kukan talakawa ne ya kama ta, ta jefa littattafan harajin garuruwanta a wuta ta kuma sa mijinta Chilperic ya jefa nasa. A 589 masu ƙidaya suka isa Tours, Bishop Gregory ya tare su ya ce garin Waliyyi Martin ba ya biya, kuma sarki ya yarda. Haka aka yi ta yi, wannan coci a yafe masa, wancan basarake a ba shi takardar cewa jami'in sarki ba zai taka ƙasarsa ba. Sarakunan kuma ba albashi suke biyan mayaƙansu ba kamar Rumawa, ƙasa suke ba su. Da harajin zinariya ya mutu, sai abin da ke jawo ta daga hannun jama'a ya mayar da ita kuɗi ya tsaya. Wadda ke ƙasa ta koma kofunan coci da akwatunan ƙasusuwan waliyyai da kayan ado da kaburbura, wani kason kuma ya bi fatake gabas sayen alharini da kayan yaji.

Saboda haka ingancin kuɗin ya yi ta sauka. A ƙarshen ƙarni na 6 tremissis mai kyau kusan tsantsa ne. A zamanin Dagobert ragin ya riga ya fito fili, shi kuwa ya mutu a farkon 639, Amru ɗan Asi bai taka Masar ba sai ƙarshen wannan shekara. Bayan 650 kuɗin sun koɗe har launinsu ya koma fari-fari, wajen 675 aka daina wahalar da kai, aka koma buga azurfa zalla, wadda suka kira denarius. A wannan lokaci Uƙba ɗan Nafi'u bai daɗe da kafa Ƙairawan ba, a 670. Birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, yana hannun Rumawa har 698. Ɗariƙu ɗan Ziyad bai tsallaka Andalus ba sai 711, karon da Musulmi suka yi da jagoran Farankawa Charles Martel a kusa da Poitiers kuwa sai 732, fiye da shekara 50 bayan zinariyar ta tafi.

Zan yi wa Pirenne adalci. An yi yaƙin Yarmuk a 636, Iskandariyya ta faɗi a farkon shekarun 640, jiragen Mu'awiya sun kai Ƙubrus a 649. Rum ta rasa lardunanta mafi arziki, babu mai musun cewa wannan ya ƙara rage abin da ke isa yamma. Amma ƙari ne a kan ciwon da ya riga ya yi nisa. Ga kuma hujjar da nake ganin ta kashe maganar. In toshe teku ne sanadi, ai waɗanda suka fi kusa da Musulmi su ya kamata su fara rasa zinariya. Abin da ya faru akasin haka ne. Gotawan Andalus sun ci gaba da buga tremissis na zinariya har zuwan Ɗariƙu. Lombardawan Italiya sun ci gaba har Sharlaman ya ci su a 774. Waɗanda suka koma azurfa tare da Farankawa su ne Ingilishi da mutanen gaɓar Holan, can ƙuryar arewa inda ko ƙurar dokin Musulmi ba ta kai ba. Kuma a 716 sarkin Farankawa yana sabunta wa gidan ibadar Corbie takardar karɓar kaya daga rumbun Fos, kusa da Marseille, a ciki har da man zaitun awo 10,000 da masoro awo 30 da takardar Masar. Ko da a ce an kwafo jerin daga tsohuwar takarda, mutanen ba su ɗauki tekun a matsayin rufaffe ba.

Batun cewa azurfa talauci ce, shi ma a sake dubawa. Farankawa suna da ita a ƙasarsu, a ma'adinan Melle da ke yammacin Faransa, ba sai sun jira wani sarki ya aiko ba. Ƙimarta kuma ta sauko inda mai sayar da gishiri ko giya ko tufa zai iya amfani da ita. Zamanin azurfa shi ne zamanin da tashoshin arewa, Dorestad a kan Rhine da Quentovic a gaɓar da ke kallon Ingila, suka cika da fatake, kuma yawan kuɗin da masu tono ke samu daga wannan zamani ya ninka na zamanin zinariya nesa ba kusa ba. Pepin, uban Sharlaman, ya dawo da sunan sarki kan kuɗi wajen 755, Sharlaman ya ƙara masa nauyi zuwa giram 1.7 wajen 794, tsarin lissafinsu kuwa, na denarius 12 a solidus ɗaya da solidus 20 a fam ɗaya, Birtaniya ba ta rabu da shi ba sai 1971.

In marubucinku abin alfahari yake nema, akwai na gaskiya a kusa. A shekara ta 77 bayan Hijira, wato 696 zuwa 697, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da dinari mai rubutu zalla babu hoto, giram 4.25, kuma ya riƙe ingancinsa har ya zama abin kwaikwayo. Sarki Offa na Mercia a Ingila, wanda ya yi zamani da Sharlaman, ya sa an buga masa zinariya a kan samfurin dinarin Halifa Mansur na shekara ta 157, da kalmar shahada a jiki, Larabcin da kurakurai, sunan Offa kuma a tsakiya a kife. Wasu 'yan'uwa sukan yaɗa cewa ya musulunta. Bai musulunta ba, mai gina coci ne har ya mutu. Abin da Clovis ya yi da sunan Anastasius shi Offa ya yi da dinarin Abbasiyawa, ya ari kuɗin da duniya ta yarda da shi.

Roƙona shi ne ku buga wannan gyara a shafin da maganar ta fito. In kuma za ku sa hoto, ku nemi na tremissis ɗin Madelinus ko na Eligius, ku nuna fuska biyun, a sa ma'auni a gefe don mai karatu ya ga ƙanƙantarsa. In da hali a jera na farkon ƙarni na 7 da na wajen 660 a shafi mai launi, bambancin zai fito ba sai an yi dogon bayani ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi